Yaran Aike da Yaƙin Leda: Daga Tsibirin Bali Zuwa Iyakar Jibiya

A ranar 5 ga Nuwamban 2014 Jamhuriyar Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta haramta ƙera leda mai laushi, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita, har ma da ajiye ta. A Najeriya kuwa, ƙudirin da Majalisar Wakilai ta amince da shi a watan Mayun 2019 don hana leda ya maƙale a hanya, bai zama doka ba. A takarda ke nan, duk wanda ya taso daga Mazanya ko Magama, a ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, ya wuce shingen kwastan ya nufi Ɗan Isa, ya bar ƙasar da leda take halal ya shiga wadda take haram.

Amma matafiyi ba zai ga alamar hakan ba. Baƙar ledar da ke rataye a ƙayar aduwa a wannan ɓangaren ita ce ke rataye a wancan. Mai awara a tashar Magama da leda take ƙulla wa mai saye, haka ma takwararta a Ɗan Isa da Madarumfa da Maraɗi. An rufe wannan iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai a Afrilun 2022. An sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris na 2024. Shinkafa da man fetur sun sha wahalar wucewa a waɗannan shekaru, leda kuwa ba ta fasa yawonta ba.

Inda doka ta gaza, a wasu ƙasashe yara ne suka fara motsa al'amarin. Kuma akwai dalilin da ya sa yaron ƙasar Hausa ya fi takwarorinsa na can kusa da bakin zaren.

Hannun da ke kai leda gida

A garuruwanmu ba maigida ba ne ya fi shigo da leda cikin gida, ba kuma uwargida ba. Yaron aike ne. Tun da sassafe ake miƙa masa kuɗi: sayo koko, sayo ƙosai, biya wajen mai tebur ka karɓo sukari da ganyen shayi. Da hantsi a sake tura shi: manja, magi, daddawa, gishiri, barkono, garin sabulu. Kowane ɗaya da ƙullinsa a farar leda, sannan a haɗa su duka a jefa cikin baƙa. Idan ledar ta yi sirara yaron da kansa zai ce, "Malam, a ƙara leda." Mai shago ba ya musu, don ledar ba ta kai a yi ciniki a kanta ba.

Wannan matsayi na yara tsoho ne. Enid Schildkrout, wata mai nazarin al'umma 'yar Amurka da ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan aure da ke cikin gida ta dogara kacokan a kan yara: su ke sayo kayan haɗi, su ke fita da talla, su ke dawo da ciniki. Har gobe haka abin yake a Jibiya da ƙauyukanta. Abin da ya canza shi ne mazubi. A da yarinya kan fita da ƙwarya ko langa ko kwanon sha, an rufe da faifai. Mai ko man gyaɗa a kwalba ake sayowa. Tsire a takarda ake naɗewa. Hatsi a taiki ko buhu, kayan miya a kwando ko lefe. Duk waɗannan ana komawa da su gida a wanke ko a kakkaɓe, gobe a sake fita da su.

Tsadar rayuwa ta ƙara wa leda kasuwa. Gidan da ba ya iya sayen kwalbar mai ko tiyar sukari dole ya saya ƙulli-ƙulli, na yau daban na gobe daban, kuma kowane ƙulli leda ce guda. Shi ya sa unguwar talakawa ta fi cika da ita. Sannan ga ledar fiya wota, wadda ta yaɗu a Najeriya tun shekarun 1990, a tasha da kasuwa da makaranta da wurin biki da zaman makoki. A ranar Lahadi, ranar da kasuwar Jibiya ke ci, 'yan kasuwa daga Katsina da Zamfara da Maraɗi kan watse da yamma su bar filin da abin da iska za ta kwana tana rabawa gonakin da ke kewaye.

Inda take ƙarewa

Mahauta ne suka fara sanin labarin. Akuya ko tunkiya da aka saki tana kiwo a gari, musamman da rani lokacin da ciyawa ta ƙare, ƙamshin gishiri da mai da ke jikin leda kan ja ta, ta haɗiye. Tumbi ba ya narkar da ita. Sai ta taru ta dunƙule, ta cinye wurin da abinci zai zauna. Dabbar takan rage ci, ta rame alhali cikinta a kumbure, nono ya ragu, wani lokaci ta mutu. Binciken da likitocin dabbobi suka yi a mayankar Maiduguri da ta Zariya ya nuna leda ce ta fi yawa cikin tarkacen da ake samu a tumbin tumaki da awaki. Maganinta tiyata ne, abin da mai akuya biyu a ƙauye ba ya ma tunaninsa. Ga matan karkara kuwa akuya ita ce asusu: ita ake sayarwa ranar da yaro ya kwanta ciwo ko aka tashi yi wa 'ya kayan ɗaki.

Manomi shi ne na biyu. Al'adar kwasar bola a kai gona a matsayin taki ta daɗe a kewayen Kano da Katsina, kuma ita ta riƙe albarkar ƙasar shekaru aru-aru. A da toka ce da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi. Yanzu duk mangalar da aka sauke sai an bi ta ana tsince leda, wadda ta ɓuya kuma garma ta binne ta, ta tare saiwa, ta hana ruwa ratsa ƙasa. Ba ta ruɓewa. Rana ce kawai ke farfasa ta ta koma ɓurɓushi, ta gauraye da ƙasar da ake shuka gero da dawa da wake.

Sai ruwa. Kogin Gada, wanda aka datse aka yi madatsar ruwa ta Jibiya, shi ne ke ratsa iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta yankin Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake faɗowa Najeriya ya haɗu da kogin Rima a jihar Sakkwato. Ledar da aka yar a kwatar Jibiya tana iya zaga ƙasar maƙwabta ta dawo. Mutanen Jibiya sun san abin da ruwa ke iya yi: ambaliyar tsakiyar Yulin 2018 ta kashe fiye da mutum 40, har aka riƙa tsamo gawarwaki a cikin Nijar. Ruwa irin wannan ya fi ƙarfin kowace magudana, amma na kowace damina ba haka yake ba. Shi hanya kawai yake nema, idan ya tarar da kwalbati a cushe sai ya kwanta a unguwa, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, ya tara sauro. Bangaladesh, ƙasar da ta fara haramta siririyar leda a duniya a shekarar 2002, ta yi haka ne bayan ta gano yadda leda ta toshe magudanan ruwa a manyan ambaliyoyin da suka gabata.

Abin da ya rage kuma wuta ke ci. Ana ƙona bola da yamma a bakin gidaje, kuma a madafai da yawa da guntun leda ake kunna gawayi ko ɗanyen icce. Mata da yaran da ke goye a bayansu su ne ke shaƙar baƙin hayaƙin.

'Yan mata biyu a Bali

A shekarar 2013, a tsibirin Bali na ƙasar Indunisiya, wasu 'yan'uwa biyu, Melati Wijsen mai shekara 12 da ƙanwarta Isabel mai shekara 10, suka fito daga aji bayan darasi a kan mutanen da suka kawo sauyi a duniya, irin su Nelson Mandela da Mahatma Gandhi. Suka tambayi kansu me za su iya yi tun suna yara. Amsar tana gabansu: leda a gonakin shinkafa, leda a koguna, leda a bakin teku. Suka kafa ƙungiyar Bye Bye Plastic Bags, da manufa guda ɗaya tak, a daina amfani da leda a Bali.

Aikinsu bai fara da gwamna ba. Sun fara da abokan makaranta, suna zaga wasu makarantu suna bayani. Suka zaɓi ƙauye guda, Pererenan, suka riƙa raba wa masu shaguna jakunkunan da za a iya sake amfani da su. Shagon da ya daina ba da leda sai a manna masa alama a ƙofa, kowa ya gani. Suka nemi izini suka tsaya a filin jirgin saman Bali suna karɓar sa hannun matafiya a takardar koke.

Da gwamnan lokacin, Made Mangku Pastika, ya daɗe bai amsa buƙatarsu ta ganawa ba, sai suka sanar a 2014 cewa za su ƙaurace wa abinci. Saboda ƙarancin shekarunsu aka daidaita cewa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta za su riƙa yi. Ba a je ko'ina ba gwamnan ya aika aka zo da su, aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar raba Bali da leda kafin 2018. Alkawarin bai cika a hannunsa ba. Magajinsa, Wayan Koster, shi ne ya fitar da dokar a watan Disambar 2018, ta hana leda da tsinken shan lemo na roba da farin mazubin soso, ta fara aiki sosai a tsakiyar 2019. Wasu 'yan masana'antu sun kai ƙara, Kotun Ƙolin ƙasar ta yi watsi da ita.

Shekara shida ke nan daga darasin aji zuwa doka. Kuma ko bayan dokar, duk lokacin damina igiyar ruwa na jibge tarin roba a gaɓar Kuta, ana kuma ganin leda a kasuwannin gargajiya. Ya kamata a faɗi wani abu ma: waɗannan 'yan mata a makarantar kuɗi suke, suna jin Turanci, iyayensu na tsaye a bayansu, kuma tsibirinsu da baƙin yawon buɗe ido yake ci, don haka datti a bakin teku asara ce da hukuma ke ji a aljihunta. Yaron Mazanya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin ɗauka a labarinsu shi ne tsarin aikin: buƙata ɗaya, wuri ɗaya da za a fara, abin da zai maye gurbin leda a hannu kafin a ce a daina, da nacin shekaru.

Kusa da gida

A Yuganda, Leah Namugerwa tana da shekara 14 a 2019 lokacin da ta fara fitowa da allo a titunan Kampala, ta kuma buɗe takardar koke tana neman gwamnati ta aiwatar da dokar hana leda da aka daɗe da sanarwa ba a aiki da ita. A Gambiya, a ƙauyen Njau, mutuwar awaki na cikin abin da ya tayar da Isatou Ceesay da wasu mata huɗu a 1997: suka riƙa tsince leda suna wankewa, suna yankawa sili-sili, suna saƙa 'yan jakunkuna da ƙwarashi suna sayarwa. Gambiya ta haramta leda a 2015. A Malawi ma awaki ne suka farkar da Gloria Majiga-Kamoto, wadda ta tsaya tsayin daka har Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar hana siririyar leda a Yulin 2019.

Ruwanda ta hana tun 2008. Kenya ta bi sahu a Agustan 2017 da hukunci mai tsanani, ɗaurin da zai iya kai shekara huɗu ko tarar shilin miliyan 4. Amma a garin Busia, kan iyakarta da Yuganda, sai leda ta zama kayan fasa-ƙwauri. Wannan shi ne darasin da ya fi shafar Jibiya da Ɗan Isa. Matuƙar ana ƙera leda da araha a masana'antun Kano da Legas, kuma jama'ar ɓangarorin biyu dangi ne masu cin kasuwa ɗaya, ɗan duwan ba zai iya tare ta ba. Sai dai idan mai saye ne ya daina miƙa hannu.

Yaro zai yi wa babba wa'azi?

Nan ne gizo ke saƙar. A tarbiyyar Bahaushe yaro ba ya gyara wa babba zance, kuma an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yarinyar da za ta tsaya gaban hakimi ta ce ba za ta ci abinci ba sai an biya mata buƙata, kafin a yaba mata an kira ta marar kunya. Salon Bali ba zai shigo nan yadda yake ba.

Sai dai al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta bar wasu a buɗe. Tashe na ɗaya daga ciki. Daga goma ga watan azumi yara kan bi gida-gida da dare, su kwaikwayi marowaci da mai haɗama da gwauro da malalaci, manya su yi dariya har su ba da sadaka. Wata guda ne a shekara da aka yarje wa yaro ya nuna wa babba aibinsa. Wasan da zai fito da akuyar da ta ƙoshi da leda, da mai ita yana salati a gaban mahauci, zai shiga zaure da tsakar gidan da jami'in tsaftar muhalli ba ya shiga.

Akwai kuma makarantar allo da Islamiyya. Babu malamin da zai rasa abin faɗa a kan tsafta, da hana almubazzaranci, da ladan kawar da abin cutarwa daga hanya, da haƙƙin dabba a kan mai ita. Idan maganar ta fito daga bakin malam, yaron da ya kai ta gida ba rashin kunya ya yi ba, karatu ya biya. Almajirai ma suna da abin koyarwa a nan, don su ne suka rage a gari masu yawo da mazubinsu: robar bara ɗaya, a wanke a sake.

Mafi sauƙi duka shi ne wanda ba ya buƙatar magana. Yaron da aka aika sayen koko ya ɗauki kofi mai murfi. Wanda aka aika kayan miya ya rataya jakar da aka ɗinka da tsohon buhun shinkafa ko ragowar atamfa, aikin da kowane tela a unguwa zai iya. Mai shago ba zai ji haushi ba, don shi ma sayen ledar yake yi, kuma tun da farashinta ya tashi wasu sun fara ƙorafi idan aka ce a ƙara. Masu saƙar kaba, waɗanda leda da roba suka rage wa ciniki, su ma za su samu kasuwa. Aji ɗaya a makarantar firamare, idan malaminsu ya tsaya, ya isa ya gwada wannan a layin shaguna ɗaya, ya ƙirga ledar da aka rage a mako, ya kai lissafin ga mai unguwa. Daga mai unguwa sai dagaci, daga dagaci sai hakimi, kuma sanarwar da ta fito daga fada ko daga mumbarin Juma'a takan yi tasirin da takardar ofis ba ta yi.

Iyakar ma tana iya zama riba. Ɗalibin firamare a Mazanya da ɗan lakwal a Ɗan Isa harshe ɗaya suke yi, gidajen rediyo ɗaya iyayensu ke saurare, sau da yawa kaka ɗaya gare su. Abin da ya karɓu a wannan kasuwa mako mai zuwa yana waccan.

Kayan da ba na yara ba

Akwai haɗarin a yi wa yara riga da hula, a ba su tsintsiya ranar bikin muhalli, a ɗauki hoto, a watse. Akwai kuma wanda ya fi shi muni, a tura su tsintar leda cikin kwata da bola ba safar hannu ba takalmi. Yaran wannan yanki sun riga sun ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu. Shekarun hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a ƙaramar hukumar Jibiya, sun rufe makarantu, sun tara 'yan gudun hijira a cikin gari. Yaron da ke talla don a ci abincin dare ba a fara masa da laccar sauyin yanayi.

Wasu abubuwan kuma ba hali ba ne, rashi ne. Ba za a ce wa mutum ya daina shan fiya wota ba alhali famfo ba ya kawo ruwa. Ko jihar Legas, wadda ta hana farin mazubin soso a Janairun 2024, ta kuma faɗaɗa hanin zuwa siririyar leda daga Yulin 2025, ba ta taɓa ledar ruwa ba. 'Yan jari-bola suna sayen ƙarfe da dalma da gorar roba, amma ba sa waiwayar baƙar leda, don ba ta da nauyin da za ta yi kuɗi a sikeli. Sai an samu mai saye, ko kamfanonin da ke ƙera ta su ɗauki nauyin kwashe ta, kamar yadda manufar ƙasa kan sharar roba da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2020 ta tanada, sannan tsintar ta za ta zama sana'a. A matakin duniya ma, inda ake ƙera roba fiye da tan miliyan 400 a shekara kuma kusan kashi 9 cikin ɗari kawai na shararta ake sake sarrafawa, tattaunawar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yarjejeniyar roba ta watse ba matsaya a Busan a Disambar 2024, ta sake watsewa a Janiba a Agustan 2025.

Don haka rabon aikin a fili yake. Na yara shi ne kofi da jaka da wasan tashe da ƙirgen mako-mako, kuma suna iya farawa ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. Na ƙaramar hukumar Jibiya da hukumomin Ɗan Isa da Madarumfa shi ne wurin zuba shara a kasuwa da tasha, da motar da za ta kwashe, da yashe magudanai kafin ruwan farko, da dawo da duba-gari bakin aikinsu. Na gwamnatin Katsina da ta tarayya shi ne ruwan famfo da dokar da za ta kama masana'anta kafin ta kama mai awara. A Bali, yaran ba su rubuta doka ba, kuma ba su ne suka aiwatar da ita ba. Sun dai hana manya mantawa har shekara shida, kuma da suka ƙwanƙwasa ƙofa an samu wanda ya buɗe. Iyaye da malamai da masu sarauta na wannan iyaka su ne za su yanke ko yaron da ya dawo daga aike da kofi a hannu za a ce masa Allah ya yi albarka, ko za a tambaye shi ina ledar.